Kujerar Bakin Ƙofa

"A mayar musu da goronsu da alawarsu! Na fasa!"

Abin da Malam Yahya ya faɗa ke nan washegarin dawowarsa daga Umara, yana tsaye a tsakar gida, ko ruwan Zamzam ɗin da ya zo da shi ba a gama raba wa maƙwabta ba. 'Yarsa Aina'u na kan tabarma tana ɓarar gyaɗa tare da mahaifiyarta, Inna Kaltumi. Ƙwaryar gyaɗar ta suɓuce daga cinyar Aina'u, gyaɗa ta watse, kaji suka sami rabonsu.

"Haba Malam," in ji Inna, "bayan an sa rana? Me Basirun ya yi?"

"Me ya yi? Ranar tafiya na shiga jirgi aka nuna min kujerata a bakin wata ƙofa, wuri mai fili, na miƙe ƙafa son raina. Na ce lallai yaron nan ya san girma, gidan gaba ya samar min. Ban gama zama ba sai ga shi a kaina, wai 'Baba, taso mu koma baya.' A gaban aminina Uwaisu! A gaban jama'a! Ya kai ni can ƙurya kusa da banɗaki, ya kawo wani matashi sa'ansa ya ɗora a wurina. Wanda ya tashi suruki daga mazauninsa tun kafin a ɗaura, me zai yi in an ɗaura?"

"Baba, me ya sa..."

"Rufe min baki da me-ya-sa ɗin nan naki!"

Dama tun Aina'u tana ƙarama 'yan gidan suka laƙa mata Me-ya-sa, don ba a gaya mata abu ta karɓa ta yi shiru. Samarin ƙauyensu na gefen Makoɗa duk sun gudu saboda tambaya. Basiru ne kaɗai ya jure, ɗan Bagwai mai aikin kula da fasinjoji a jirgin sama. Shi daɗi ma yake ji, ya zauna a dakali ya yi ta ba ta amsar yadda ƙarfe ke tashi sama da inda ake dafa abincin jirgi. Tana son sa ƙwarai, kuma ba ta ɓoye wa kanta ba.

Ta shiga ɗaki ta sha kukanta ta ƙoshi. Amma ko cikin kukan tambaya na cin ta. Basirun da ke cire takalmi tun daga bakin zaure, wanda bai taɓa haɗa ido da Baba ba, shi ne zai wulaƙanta shi a bainar jama'a? Abin bai zauna mata ba. Bayan la'asar ta zaga bayan rumbu ta kira Basiru a waya.

"Sori Aina'u, wallahi sori," ya ce. "Amma wurin nan ba gidan gaba ba ne. Ƙofar gaggawa ce. In wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, wanda ke zaune a nan shi zai buɗe ta mutane su fita. Shi ya sa ba a barin yaro a wurin, ko mai juna biyu, ko marar lafiya, ko... ko dai wanda ba zai iya ba."

"To Baba wanne ne a ciki? Mutumin da ke ɗaga buhun gyaɗa shi kaɗai?"

Sai ya roƙe ta a bar maganar.

"Basiru, aurenmu fa za a fasa! Ka gaya min me ya sa!"

"Aikina na yi, Aina'u. In Baba ya ce ban kyauta ba, to ban kyauta ba. Zan yi ta ba shi haƙuri har Allah ya huci zuciyarsa."

Karo na farko ke nan da ta tambaye shi abu ya hana ta amsa, kuma wannan ya fi fushin Baba tayar mata da hankali. Kwanaki suka wuce. Basiru ya turo kawunansa, Malam Yahya ya ƙi fitowa. Mata a bakin rijiya suka shiga cewa ai dama ɗan boko in ya hau sama kowa ƙarami yake gani. Aina'u ta rame, tana ji tana haɗiyewa. Abin da ta lura da shi kawai, duk sanda aka ɗauko zancen jirgi sai Inna ta tuna ta bar tukunya a wuta.

Ranar da aka ce gobe za a mayar da kayan, Aina'u ta dama fura ta nufi gonar Malam Uwaisu, aminin Baba da suka yi tafiyar tare. Ta same shi yana yankan dawa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta bari sai da ya kai ludayi baki.

"Baba Uwaisu, me ya faru a jirgin nan?"

Ya ƙware har da tari. "Au, furar tambaya ce? Da na sani ban sha ba!"

"Ka riga ka sha, Baba. Don Allah."

Ya daɗe yana duban ta, ya ga idon da ya kumbura da kuka, sannan ya aje ludayin.

"Yaron nan har ƙasa ya durƙusa ya roƙe ni kada in faɗa. Amma ba zan ga aure ya mutu a kan shirun bakina ba. Tun a ɗakin jira na ga idon mahaifinki ya yi nauyi. Muna zama a jirgi harshe ya karye. Ya kira wata ma'aikaciya Kaltumi, wai ta miƙo masa buta. Basiru ya zo ya rusuna, ya tambaye shi a hankali ko zai iya buɗe ƙofar in an buƙata. Sai ya ce ai yanzu ma zai buɗe, iska yake so, ya kai hannu kan mariƙin!"

"Innalillahi!"

"Wani a bayanmu ya ce, 'Dattijon nan a buge yake!' Kin ji fa, a buge! Mutumin da ke jan mu salla in liman ba ya nan! Shugabar ma'aikatan jirgin ta zo tana maganar a sauke shi. Basiru ya ce ya san shi farin sani, bai taɓa shan komai ba, a bar shi a hannunsa. Ƙuryar da yake ƙorafi a kai, nan ne wurin aikin yaron. Ya kai shi ne don idonsa ya kasance a kansa. Shi ya yi ta ba shi ruwa yana gyara masa wuya har muka sauka. Da mahaifinki ya farka, ba abin da ya tuna sai an tashe shi daga kujera."

Aina'u ta ji ƙirjinta ya cika da tausayi da ƙauna a lokaci guda. Amma ba ta gama ba.

"To me ya sa Baba ya zama haka? Me ya ci?"

"Ba abin da ya ci sai kunun gyaɗar da ke filas ɗinsa. A bakin shiga aka ce ba a wucewa da abin sha, shi kuma ya ce ba zai zubar da kunun Kaltumi ba. Ya kafa kai ya shanye tas."

Ba ta san sanda ta iso gida ba. Inna na daka a tsakar gida.

"Inna, me kika sa a kunun Baba?"

Taɓarya ta tsaya a sama. Inna ta zame ta zauna a bakin turmi, hawaye ya ɓalle mata.

"Tsoron jirgi ne ya hana shi barci, Aina'u, kuma kin san ba zai faɗa ba. Na je kemis aka ba ni ƙwayar barci, aka ce ɗaya. Na ce ɗaya me za ta yi wa ƙato kamar Malam? Na ƙara, na daka na zuba, don ya riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan a hanya. Tun ranar da ya dawo gabana ke faɗuwa, na rasa ta inda zan fara."

"Inna, gobe fa za a mayar da kayan."

Inna ta share fuska da bakin zani, ta miƙe ta shiga turakar Malam. Aina'u ta kasa kunne tana jiran faɗa. Ba ta ji komai ba sai muryar Inna ƙasa-ƙasa. Can ta ji Baba ya ce, "Ni na kira 'yar mutane Kaltumi?" Daga nan ya aika a kira masa Uwaisu, kuma a ce wa yaron Bagwai yana neman sa.

Washegari da hantsi Basiru ya iso a kan babur, ya cire takalmi ya durƙusa can nesa. Aina'u ta laɓe a bayan asabari, don ba ta da haƙurin jira a ba ta labari.

"Yaro," in ji Malam Yahya, "me ya hana ka faɗa?"

"Baba, gara a ce ba ni da kunya da a ce wani abu a kanka."

"Ko da za ka rasa yarinyar?"

Basiru ya ce, "Na yi ta addu'a kada a kai ga haka. Amma ko yau aka sake, Baba, zan tashe ka. Rayukan mutane ne a bayan ƙofar nan."

Malam Uwaisu ya zaro ido. Malam Yahya kuwa sai ya yi murmushi, idonsa ya kawo ruwa. Ya miƙe daga kan buzunsa da ke daf da ƙofar shiga cikin gida, inda ba wanda ke zama sai shi.

"Na ɗauka kujerar girma ce, ashe ta nauyi ce. Na yanke maka hukunci ban tambaya ba, ka yafe min. Taso ka zauna nan."

"Baba, wane ni..."

"Kai ka tashe ni a naka wurin na tashi. Yau ni na ce ka zauna. Mai ido biyu ake sa wa a bakin ƙofa."

Aka bar rana yadda aka sa ta. Darasin da gidan ya ɗauka ba ɓoyayye ba ne: kada fushi ya riga tambaya, kada a ba mutum magani a ɓoye ko da don ƙauna ne, kuma wanda ya yi haƙuri ya rufa asirin wani, Allah ba ya barin sa ya taɓe.

Basiru na zama a kan buzun, sai murya ta fito daga bayan asabari.

"Baba, me ya sa ba ka ce kana tsoron jirgi ba?"

"Basiru," in ji Malam Yahya, "daga yau kai za ka riƙa amsawa."