Ƙarar da Aka Kai Renata

Saura minti biyar a tashi tseren mita ɗari takwas, Renata ta durƙusa tana ɗaure takalmi, sai ga Koci Pruitt ya tsaya a kanta, ya kasa haɗa ido da ita.

"Tashi, 'yata... An kai ƙara hukumar wasannin makarantu, wai ke ba mace ba ce. Doka ta ce sai an tabbatar kafin ki sake gudu da 'yan mata."

Wayyo! Marainiya 'yar shekara sha shida, a gaban iyayen yara maƙil da benci, ta ɓalle lambar ƙirjinta ta fice, hawaye na bin kumatunta. Ba ta da laifin komai sai tsayi da faɗin kafaɗa da kaurin murya irin na marigayi mahaifinta. Tun daga ranar nan, makaranta ta zame mata wuta. In ta shiga ban-ɗakin mata sai a watse, in ta ɗauko farantin abinci sai samari su kwashe da dariya: "Ga oga nan! Maigida, ina gemun?" Hukuma ta nemi takardar haihuwa, in babu kuwa sai likita ya duba tsiraicinta. Ta roƙi Goggo Darlene, ƙanwar mahaifinta da ke riƙonta tun hatsarin da ya kashe iyayenta, goggon ta taɓe baki ta ce, "Ta ɓata tuntuni. Ni ina na sani, ba ni na haife ki ba!"

Mutum ɗaya ya san gaskiya: Shelby, 'yar Goggo Darlene, wadda kullum take zuwa ta biyu a bayan Renata. Da idonta ta ga uwarta tana rubuta ƙarar a teburin kicin, ta ga inda ta cusa takardar haihuwar ƙarƙashin tsummokin ɗinki, ta kuma yi shiru... don ita ma tana son ta zo ta ɗaya ko sau ɗaya ne. Ta samu kuwa. Ranar da aka rataya mata lambar zinare ta zagaya bayan motar makaranta ta yi ta kwara amai.

Ran Lahadi a coci Shelby ta ji Renata a gefenta tana raɗa cikin kuka: "Ya Ubangiji, duk wanda ya yi mini wannan, kar ka bari a tozarta shi kamar yadda aka tozarta ni..."

Ranar zaman hukuma, ana shirin tura Renata asibiti, Shelby ta turo ƙofa da takarda a hannu. "Ga ta nan! Mamata ce ta ɓoye, ita ta kai ƙarar. Ni ma na sani, na yi shiru!"

"Shelby! Don ke fa na yi!" in ji uwar.

"Na sani, Mama. Shi ya sa na kasa cin abinci."

Aka wanke Renata a rubuce. Aka tsige Goggo Darlene daga kwamitin iyaye, aka haramta mata filin wasa, har a kanti mata suka daina amsa gaisuwarta. Renata ta koma gidan Koci Pruitt da matarsa, bayan wata ɗaya kuma ta lashe gasar jiha da tazarar da ba a taɓa gani ba.

A bakin fili Shelby ta tare ta, ta durƙusa tana kuka. "Ki yafe mini, 'yar'uwa..."

Renata ta ɗago ta, ta share mata hawaye da bayan hannu. "Na yafe. Amma sati uku, Shelby... ɗaki ɗaya muke, kina jin kukana."