Mutumin da ke Bayan Hotuna

"Kai mai siminti, dakata!"

Da wannan tsawar Raïhanatou ta shigo rayuwar Chamsoudine, magini ɗan Tawa da ya zo ci-rani. Yana shirin toshe ramukan harsashi a wani bango a unguwar Mahdiya ta garin Sabha, sai ga ta da marayu bakwai da tsohuwar kyamara ɗaya, tana koya musu ɗaukar abin da faɗan Sabha ya bari. Ita ma a faɗan ta rasa iyayenta.

"Bari yara su ɗauka tukuna."

"To, Malama. Har da ni?"

"Bango muka zo gani," ta ce. Amma wallahi ba bango take kallo ba.

Kafin wata uku saƙonni sun kankama.

"Malamata, yau bulo ɗari na jera, kowane da sunanki a bakina."

"Sannu, Maginina. Ka dai kula kada bangon mutane ya karkace."

Da maganar aure ta taso, kawunta Barka, tsohon direban sahara, ya ce sam. Shi dai wani mai shago, Mu'ammar, yake so mata.

"Aure sai da bincike. Wa ya san yaron nan a garin nan? Wa zai ba da shaidarsa? Ba zan miƙa wa baƙo amanar ƙanwata ba."

Raïhanatou ta sha kuka har ta rame.

Ranar da yaran suka rataye hotunansu a igiyar shanya, Kawu ya zo yana cin magani. Yaran nan ba su iya saiti ba. A ce su ɗauki ƙofa, sai su haɗa da rabin titi, kullum Malama na musu faɗa. Kawu ya ƙura wa hotunan ido. Bayan mai sayar da burodi, ga mutum a kan tsani. Bayan awaki, ga shi ɗauke da ƙyaure. Can a gefen wani hoton kuma, ga shi yana rufa ƙonannen gidan ƙanwarsa.

"Wane ne wannan?"

Ousseina, autarsu, ta ce, "Tonton Chamsou ne. Duk Juma'a yake gyara mana gidaje kyauta. Ya ce kar mu faɗa wa Malama, kuma ba mu faɗa ba."

Raïhanatou ta dafe ƙirji. Ita da ta wanke hotunan, kuskuren saitin kawai ta gani.

Kawu ya goge ido da bakin rawaninsa. "Shaidu bakwai ai sun isa. A ce masa ya turo magabatansa."

Ranar ɗaurin aure yaran ne suka ɗauki hoto. Rabin kan ango bai shiga hoton ba, amma babu wanda ya yi musu faɗa. Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba.