Tsabar Kakan Phoebe

Tsabar zinariyar da aka rataya wa amarya Diana a Kamazou tagulla ce. Tun ba a tashi daga coci ba ta bar mata kore a wuya.

Ta gaskiyar sulen zinariya ne da kakan uwarta ya dawo da shi daga yaƙin Bama na zamanin Turawa, kuma duk 'yar gidan da za ta yi aure sai ta saka ta. Uwar, Phoebe, ta ce Malam Audu maƙerin zinariya a Makera ta kai wa ya gyara mariƙinta, tsabar ta kwana biyu a wurinsa. Samarin gidan ba su jira jin ƙarshe ba. Suka je suka fasa masa shago, suka jawo shi ofishin 'yan sanda da jini a baki. Wai su jarumai.

Insifekta Ezekiel ya ɗora tsabar a tafin hannu ya tambayi Audu ko aikinsa ne. Audu ya ce siffar mariƙin tasa ce, amma shi da wuta ya liƙa nasa, dole a ga tabon liƙi. Wannan kuwa tsaba da mariƙi a zubi ɗaya suka fito. Wani ne ya danna ta gaskiyar a laka bayan gyara, ya zuba tagulla.

"Kai ma ai za ka iya hakan."

"Yallaɓai, da yaushe? Matar nan a kaina ta zauna har na gama."

Insifekta ya je Makera. Duk layin sun tuna Phoebe, don ta hana kowa sakat da ciniki. Telan da ke gefe ya ce kujerarsa ma ta ara, ta tafi da kayanta a ƙulle a bakin zani.

Ya wuce Kamazou. Phoebe ta fara kuka tun bai zauna ba. Bai ba ta haƙuri ba.

"Mama, kin ga mutum yana kwana a sel saboda ke. Wa kika ba?"

Ta ce babu. Daga baya ta ce ɗanta Nelson ne ya karɓa, wai zai kai wa fasto ya yi mata addu'a kafin biki, kamar yadda aka yi wa zobe da rigar amarya. Insifekta ya kira faston a gabanta. Faston ya ce zobe da riga ya gani, tsaba kam bai gani ba.

Nelson na bayan gida yana goge sabon babur. Ƙato mai gemu, ko aikin yini bai taɓa riƙewa ba. Ya ce aboki ne ya ara masa. Da aka nemi sunan abokin sai ya fara kallon uwarsa.

A motar 'yan sanda ya faɗi komai. Wani mai zubin tukwane a Gonin Gora ne ya yi masa kwafin. Ta gaskiyar ya sayar, an narkar da ita tuni. Ya ɗauka yini ɗaya kawai za a saka, wa zai duba?

"Kai ne ka fara jifan shagon, ko?"

Nelson ya sunkuyar da kai.

Kotu ta ba shi shekara biyu. Phoebe ta sayar da filinta na Unguwar Boro ta gyara shagon Audu. Ranar da ta je ba shi haƙuri, ko ɗago kai bai yi daga kan wutarsa ba.