Kujerar Masu Kuka

"Kar ki sake yi min wannan muryar!"

Na ajiye masa kofin shayi a hankali. "Na ji kana cewa ranka ya ɓaci..."

"Kin ji ko! Kin sake! Ni fa mijinki ne, Malama, ba wanda ya zo layi ya zauna a benci ba!"

Malama. In dai ya kira ni da sunan ofis, to abin ya kai masa wuya. Da can Hasken Idona nake a bakinsa.

Aikina ke nan, zama da waɗanda aka yi wa rasuwa. Ɗan ƙaramin ofis ne a bayan asibiti, kujeru biyu, teburi da kwalin tishu. Mutum ya shigo da kuka, in saurare shi, in maimaita masa abin da ya faɗa, ya fita da sauƙi a ƙirji. Kowa yabona yake, amma mijina ƙwaya ɗaya ya gagare ni! Tun da zazzaɓi ya ɗauke mana 'yarmu, wadda muke ce wa Tsuntsuwa saboda surutu, babu dabarar da ban gwada a kansa ba. Har kwalin tishu na ajiye a falo, ya yi jifa da shi.

"Jakata tana mota," ya ce. "Gidan Yaya zan koma."

"Don na damu da kai shi ne laifina?"

"Ki yi faɗa da ni mana! Ki fasa faranti! Ni kaɗai nake kuka a gidan nan kamar ni kaɗai na haife ta!"

Ya buga ƙofa ya fita. Wallahi ji na yi kamar in shaƙe shi. Ni da nake danne zuciyata don kada mu zube mu biyu, ni ce kuma marar tausayi?

Da wannan haushin na tafi aiki. Dab da tashi, sakatariya ta leƙo ta ce saura mutum ɗaya. Ina jera takardu aka turo ƙofa, sai ga shi. Bai ko kalle ni ba, ya wuce ya zauna a kujerata.

"Wannan tawa ce."

"Na sani. Zauna a waccan."

"Maigida, wurin aiki ne nan fa..."

"Ai nan kaɗai ake samun ki. Zauna."

Na zauna ina huci. Shekaru ina nuna wa mutane kujerar nan, ban taɓa sanin haka take nutsewa da mutum ba.

"Ni ban iya tambayoyinku ba," ya ce, muryarsa ta sauka. "Matar Yaya ce ta ba ni labari ɗazu. Ta ce da babanta ya rasu ta zo nan, abin da kika fara sa ta shi ne ta kira sunansa da ƙarfi. Haka ne?"

"Haka muke yi."

"To ke yaushe rabonki da kiran sunan 'yarmu?"

Na kau da kai.

"Kullum 'marigayiya', kullum 'rashin da muka yi'. Ni ma kin mayar da ni Maigida, kamar mai ba ki hayar ɗaki. Me kike ce min da?"

"Don Allah ka bari..."

"Ba zan bari ba! In kin daina kirana da sunanta, waye zai tuna min na taɓa zama uba?"

Na buɗe baki a hankali.

"Abban..."

"Ina jin ki."

"Abban Tsuntsuwa!"

Ban san ina da irin wannan kukan ba. Na zame daga kujerar, na yi ta kiran sunanta, ina faɗa masa har yau takalminta guda yana cikin jakata. Hannuna ya kai ga kwalin tishu don sabo, ya ture shi ƙasa, ya durƙusa ya kifa fuskata a ƙirjinsa. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, shi ma nasa hawayen suna sauka a kan ɗankwalina.

Da ƙyar na ɗago. "Jakarka fa?"

"Tana mota." Ya share min ido da hannun rigarsa. "Tashi mu je gida, Maman Tsuntsuwa."