Fuskar Sarkin Girkawa

Ana gab da magariba Dakta Badaruddeen ya faka motarsa a gaban zauren wasan kwaikwayo na jami'ar da yake koyarwa a Doha. Shekarar korona ce, ɗalibai duk suna gida, darasi sai ta bidiyo. Ya zo ne ya ɗauki lacca kan fuskokin da Girkawan da can ke sakawa in za su yi wasa.

Sunusi maigadi, mutumin Gumel, ya buɗe masa zauren, amma ya ƙi taɓa akwatin fuskokin.

"Dakta, da ka bari sai da safe. Wallahi in na zo zagaye, gunaguni nake ji a cikin akwatin nan."

Dakta ya dube shi sama da ƙasa, ya taɓe baki.

"Ka tsallako teku, amma ƙauyanci bai sake ka ba. Ƙyalle ne da manne da gashi, wani tsoho ya haɗa su a ƙasar Girka. Yalla, maza koma bakin ƙofarka."

Sunusi ya juya, ya fita.

Dakta ya hau dandamali, ya kafa kyamara, ya fara bayani. Ya ce maza uku kacal ke raba manyan rawar wasa. Mutum ya sauya fuska ya zama sarki, ya sake sauyawa ya zama tsohuwa. In an tashi, a kai fuskar ɗakin gunkinsu a rataye.

"Wai sun mayar wa mai ita," ya ce, yana dariyar raini. "Ku ji shirme."

Ya ɗauko ta sarkin. Goshi a tattare, baki a wangame, leɓe ɗaya ya ja gefe kamar mai ƙyamar abin da ya gani. Ya kifa ta a kansa.

Cikinta da ɗumi. Irin ɗumin hular da wani ya cire yanzu.

Na'urar sanyaya zauren ta tsaya. Wari ya taso, na tsohuwar giya da jinin akuya.

Ya leƙa ta ramukan idanun. Kujerun da ya bari wayam sun cika maƙil, sahu bisa sahu har rufi. Kowa sanye da fuska. Kowane baki a buɗe. Babu mai motsi.

Ya kai hannu zai cire. Bai sami gefenta ba. Daga kunne har haɓa, fata ce kawai.

Sai wani ya yi raɗa, ba daga waje ba, daga cikin fuskar, kunci da kunci.

"Wannan ne aka kawo mana?"

Zauren ya amsa da tsaki. Dubban bakuna, tsaki ɗaya.

"Mun hau kan maza masu ƙirji," in ji muryar. "Kai me ka iya? Karatun takarda?"

Dakta ya nemi addu'a. Harshensa ya ƙi.

Bakinsa ya buɗe da kansa, ya yi ta buɗewa har muƙamuƙi ya yi ƙara. Wata murya mai kauri ta fito daga maƙogwaronsa, tana rera abin da bai taɓa koya ba.

Sahun gaba suka miƙe.

Suka fara hawowa.

Yana jin jan ƙafafunsu a kan katako.

Ƙofa ta bugu. Kiran salla daga masallacin harabar ya kutso ciki, Sunusi a bayansa, yana karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi. Ya damƙi gashin fuskar ya fizga. Ta ɓalle da sauti kamar an yage ƙyalle jiƙaƙƙe.

Dakta ya zube. Kujeru wayam.

"Khalas, shi ke nan, Dakta, tashi mu fita," Sunusi ya raɗa masa. "Kada ka waiga."

Washegari aka mayar da akwatin sito, aka datse da kwaɗo. Dakta ya kalli bidiyon sau ɗaya ya goge. A ciki yana tsaye ƙiƙam minti arba'in, hannuwa a sake, leɓen fuskar ne kaɗai ke motsi.

Nasa leɓen kuwa bai koma daidai ba. Ya ja gefe ya tsaya. Likitoci suka ce shanyewar jijiya ce, suka yi iya yinsu. Ko godiya yake yi, sai a ga kamar yana ƙyamar mutum. 'Yarsa Sauda ta daina yarda ya ɗauke ta.

Lokacin gasar cin kofin duniya, kowa ya yar da takunkumin korona, jirgin ƙasa mai zuwa filin ƙwallon Lusail ya cika da fuskoki masu fenti da dariya. Dakta Badaruddeen kaɗai ke zaune a lungu da nasa, ya ja shi har ƙarƙashin ido.

Wani matashi ɗan Kano ya dube shi, ya taɓo abokinsa.

"Ji wannan matsoracin. Har yanzu korona yake gudu."