Ƙofar da Gazali Ya Bari Buɗe

Ana kiran sallar magariba dutse na farko ya faɗo bisa kwanon gidan Gazali a Tambuwal. Matarsa Hamdiya tana tuƙa tuwo, ta ce aikin yaran unguwa ne. Na biyu kuwa cikin ɗaki ya faɗo, alhali ba tagar da ke buɗe. Daga nan ba wanda ya ƙara zancen yara.

Gazali mutum ne da aiki ya ci ya cinye. Wani kamfani ya ajiye babbar na'ura, wadda suke kira saba, cikin wani tsohon sito a Kebbe, shi kuma daga gida yake kula da ita ta kwamfutarsa. In zai ɗora mata sabon tsari ba ya hawa babur. Faifan da ke cikin kwamfutarsa yake jonawa ta intanet, sabar ta ɗauka an zura mata shi da hannu. To amma intanet ɗin garin, Allah na gani, tafiyar hawainiya yake, kuma da an ɗan jima sai sabar ta kore shi ta rufe hanya. Da ya gaji da sake farawa, sai ya kashe abin da ke rufewar, ya cire tambayar kalmar sirri, ya bar hanya a sake. Mutumin da ba ya rufe ƙofar zaure sai da bismilla, ga ta cikin kwamfuta ya bari hangame!

Jifa ya ci gaba kullum da almuru. Sai kuma 'yarsu Najiba ta daina magana. Takan zauna jikin bango tana wani gurnani siriri, ba ta ko tsayawa shan numfashi. Gazali ya san sautin nan, kukan fankar sabar ne, tsoro ya kama shi har ƙashi. Barci ya ƙaurace wa gidan. Hamdiya ta yi kuka har ta gaji, ta koma zura wa yarinyar ido kawai.

Aka ɗauko Malam Atu daga Sanyinna, dattijo mai ƙarancin magana. Ya zauna gaban Najiba bayan la'asar yana karatu, har rana ta yi ja. Can gurnanin ya tsaya. Muryar wani tsoho ta fito daga bakin yarinyar, a shaƙe.

"Malam, ka bar ƙona ni. Ban fasa gidan kowa ba."

"Wa ab ba ka izinin shigowa?" in ji Malam.

"Buɗe na iske. Ba wanda yat tambai sunana. Sitonga na Kebbe ɗakina na tun kaka da kakanni. Sun kawo ƙarhe mai kuka dare da rana. Barci nika biɗa, Malam. Na gaji."

Gazali ya ji wani tausayi da bai so ji ba, don shi ma abin da yake nema ke nan.

Malam ya ce, "Jikin ɗiyagga ba masauki ba ne. Fita."

"Ni fita. Amma muddin ubanta na riƙe da mabuɗin ɗakina, na san hanya. Shi cire faifainai, shi cire sunanai, shi rufe."

Malam ya waiwayo. "Gazali, ka jiya."

Gazali ya ɗauko kwamfutar. Aikin ɗora tsarin yana tsakiya. In ya zare faifan yanzu tsarin sabar zai lalace, kuma shi kaɗai ke da izinin shiga. In ya goge sunansa, ba gyara sai an je Kebbe da ƙafa, kuma ba shi za a aika ba, korarsa za a yi. Da wannan aikin yake ciyar da gidan.

"Malam, ko a jira shi ida lodi?" ya ce a hankali.

Hamdiya ta ɗago ta dube shi. Kunya ta rufe shi.

Ya zare faifan. Ya mayar da tambayar kalmar sirri. Ya nemo sunansa ya goge, ya yi bismilla, ya rufe. Najiba ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale jikin uwarta.

Da ta buɗe ido, muryarta ce ta gaske. "Baba, ƙishi nika ji."

Wayarsa ta fara ruri a aljihu, shugabansa ne na wurin aiki. Gazali ya tallafo kan 'yarsa, ya kai mata moɗa baki. Wayar ta yi ta kuka har ta gaji, shi kuwa yana kallon Najiba tana shan ruwa.