Tokar Goshin Angelina

Ranar wata Asabar cikin Satumbar 2004, Anissa na kicin ɗin gidansu a East Greensboro, can ƙasar Turawa, tana turara dambu, Inna na gyaran zogale, suna ta musu a kan kalar ankon biki. Saura wata uku a ɗaura mata aure da Younoussa, mai gyaran motoci a McLeansville, wanda take so kamar ranta tun shekara uku.

Sai ga Hajiya Dalila, uwar ango, ta faɗo falo ko sallamar kirki babu.

"Ina Alhaji Soumaïla? A kira min shi, ya zo ya ga abin da ya haifa!"

Alhaji ya fito da carbi a hannu. Hajiya ta jefa wani ɗan littafi a kan tebur, irin wanda jami'o'i ke turo wa yara 'yan sakandare ta gidan waya don talla. Na jami'ar Katolikan da Anissa ke karatun nas ne, an turo wa autar Hajiya. A bangon littafin ga ɗalibai sun jeru a bakin coci, kowa da toka a goshi. A tsakiyarsu ga Anissa da lulluɓinta, ita ma da baƙin tabo ɓaro-ɓaro a goshi.

"Voilà! Ga shi nan!" in ji Hajiya. "An yi mata tambarinsu. Wannan zan kai ɗakin ɗana?"

Ludayi ya suɓuce daga hannun Anissa.

"Hajiya, wallahi tallahi ba haka ba ne! Ki tsaya ki ji..."

"Rufe min baki! Idona ya gani."

To, bari in faɗa muku abin da idon Hajiya bai gani ba. A makarantar nan akwai 'yan Meziko, 'yan Biyetnam, 'yan Labanon, baƙaƙe da farare, kowa da addininsa. Wata tsohuwar Sistar coci ce ma ta ba Musulmi ɗaki a ƙasan laburare suna salla. Mai lulluɓi kuwa Anissa ce kaɗai, shi ya sa masu ɗaukar hoton makaranta suka addabe ta, duk hoton talla sai an nemo ta an tsayar a tsakiya. A can ta haɗu da Angelina 'yar Kafanchan, wadda ta ji tana waya da Hausa ta daka tsalle ta ce, "Kai! 'Yar gida!" Tun daga nan suka shaƙu. Da azumi Angelina ke ɓoye mata abinci a kafteriya har a sha ruwa.

Ranar Larabar Toka, ranar da Katolika ke fara azuminsu Fada, limamin cocinsu, ya shafa wa kowa toka a goshi, Angelina na fitowa daga coci aka bugo mata waya cewa mahaifiyarta ta rasu a gida. Ta zube a ƙasa tana ihu. Turawa suka tsaya cirko-cirko suna "sorry, sorry". Anissa ce ta ratso ta ɗago ta, ta haɗa goshinta da nata tana cewa, "Yi haƙuri, 'yar uwa, yi haƙuri." Da ta sa ta a mota ta juyo, mai hoto ya ga lulluɓi a bakin coci ya ja ta cikin layi, ƙyas! Ita ko sanin akwai toka a goshinta ba ta yi ba.

Duk wannan ta faɗa tana kuka. Hajiya ta taɓe baki.

"Bon. In gaskiya ne, ta bar makarantar nan gobe, ta rabu da yarinyar nan. In ba haka ba, a maido mana da kayanmu."

Kowa ya dubi Alhaji. Shi kuwa hoton kawai yake kallo. Ya tashi ya shige ɗaki abinsa.

Washegari da la'asar Younoussa ya zo, bai ko shigo ba, a jikin motarsa ya tsaya.

"Anissa, ni na yarda da ke. Amma don Allah ki bar makarantar. Just ki bari, Mama ta huce."

"Saura min wata takwas in gama, Younoussa. Kuma ba ma wannan ba. In na bari, ai na amsa cewa na yi ridda ke nan. Duk garin nan haka za a ce, har 'ya'yanmu a goranta musu."

"To ni yaya kike so in yi? Uwata ce!"

"Ka je ka ce mata ka san ni."

Ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mota. Kash! Namiji har namiji, amma kalma uku ta gagare shi.

Angelina da ta ji labari ta ɗaura zani ta tafi gidan Hajiya da kanta, ta durƙusa har ƙasa.

"Mama, tokata ce. Ranar da uwata ta mutu, 'yarku ta riƙe ni. Ba ta taɓa shiga cocinmu ba, sallarta ko ɗaya ba ta wuce ta."

"Ke kika lalata ta, dole ki kare ta. Tashi ki ba ni wuri!"

Sati bai zagayo ba aka maida akwatuna. Hoton ya bi gida-gida, mata na miƙa wa juna a wurin suna. Inna ta daina fita taro. Alhaji ya daina cin girkin Anissa, in ta gaishe shi sai ya ɗaga hannu kawai. Ta rame, ta yi baƙi. Kullum tana jiran waya, kullum shiru. A watan Maris labari ya zo cewa an kawo wa Younoussa 'yar ƙanin babansa daga Damagaram, an ɗaura. A ranar Anissa ta shiga ɗakin sallar ƙasan laburare ta yi kuka har muryarta ta dishe, Angelina na zaune a bakin ƙofa wajen takalma tana jiranta.

Ranar bikin kammala karatu, cikin Mayu, Inna kaɗai ta yi alkawarin zuwa. Anissa ta karɓi takardarta ba murna ba komai. Tana saukowa sai ta hango babbar riga fara a ƙarƙashin bishiya, daidai bakin cocin nan. Ta nufi wurin.

"Baba..."

Alhaji ya matso. Ya ɗaga hular digirin kaɗan, ya sa babban yatsa ya shafa goshinta, wurin da sujada ta fara yi wa duhu.

"Ni ban ga komai a nan ba sai tabon salla," ya ce. "Kullum da asuba ina jin ƙarar famfo kina alwala. Tun ranar farko na san gaskiya kika faɗa. Bakin mutane na ji tsoro, Anissa. Da na buɗe baki a ranar, da yau kina ɗakinki. Ki yafe min."

Ta faɗa jikinsa tana kuka. Ya juya wurin Angelina da ta raɓe gefe.

"Zo nan, 'yata. Allah ya ba ki haƙurin rashin mahaifiyarki. Ko gaisuwa ban yi miki ba."

Haƙurin Anissa ya maido mata da uba da mutuncinta, amma bai maido mata da Younoussa ba. Har yau in ta bi hanyar McLeansville takan kau da kai daga garejin.

Don haka iyaye, ku ji tsoron Allah. Kada ku yanke wa ɗan mutum hukunci da hoto, ku tsaya ku ji ta bakinsa. Wanda kuma ya san gaskiya ya faɗe ta a ranar da take da amfani. Alhaji Soumaïla ya faɗi tasa, amma bayan wata takwas, an riga an kai wata ɗakin.